Kukan Nomau

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya sayen lemo a bakin Tsohuwar Kasuwa. Wani mutum mai furfura a gemu ya ja birki a gabana ya ƙura mini ido. Na san irin kallon, fiye da shekara ashirin ke nan ina shan sa. Sai da ya gama tantancewa, sannan ya tafa hannu kamar wanda ya tsinci kuɗi: "Aradu shi na! Nomau! Kai don Allah yi muna kukan nan." Mai lemo ya tuntsire da dariya, yara suka fara matsowa. Ni kuwa ga ni da jallabiya da darduma a kafaɗa, ɗiyata 'yar shekara shida tana riƙe da yatsana. Na yi murmushi na ce, "Alhaji, kukan ya ƙare." Muka wuce. Ba mu kai kwanar gidanmu ba ta ɗaga kai ta ce, "Baba, wane ne Nomau?"

Ban ba ta amsa ba. Shi ne na ce bari in fara ba kaina.

A Gusau aka haife ni a 1991, muna cikin jihar Sakkwato a lokacin, ina ɗan shekara biyar aka yanke mana Zamfara. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, cikin masu fita da keke tun duku-duku su dawo da burbushin auduga a gashin kai. Da daminar 1999 ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mu mu huɗu, ni ne babba, sai Inna da turminta. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Kafin in tafi makaranta in kai tire tasha, in an tashi in ɗauki na yamma. A wurin tallan nan na koyi kwaikwayo, ba a makaranta ba. Na lura in na kwaikwayi tafiyar ɗan kamasho ko muryar mai maganin gargajiya da ke ihu da lasifika, direbobi kan yi dariya su sayi na naira goma maimakon na biyar. Yunwa ce ta fara koya mini wasa.

Ranar yara ta 27 ga Mayu, 2001, makarantarmu ta shirya wasan kwaikwayo. Aka ba ni maraya wanda kishiyar uwa ke ɗora wa talla. Malamin bai sha wahalar koya mini komai ba. Kawuna, ƙanen Inna, yana cikin 'yan kallo. Shagon kaset gare shi a Sabon Gari, duk bayan sati biyu yana Kano saro sababbin fina-finai a Ƙofar Wambai, ya san 'yan kasuwar kuma ya san wasu furodusoshi. Bayan wata biyu ya shigo gidanmu da magariba ya ce ana neman yaro.

Inna tana murza tunkuza, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ba ni son shi shiga 'yan wasa. Mi za a ce da ni garin ga?"

Wanda bai zauna Gusau a shekarun nan ba ba zai gane nauyin tambayar ba. Tun Oktoban 1999 da Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a gari ya ɗau zafi, kowa na duban kowa, bazawara mai marayu huɗu kuwa ita ce ta fi kowa tsoron bakin mutane. A can Kano ma ba a daɗe da sake buɗe harkar fim ba, bayan dakatarwar ƙarshen 2000 da kafa Hukumar Tace Fina-finai.

"Yaya, hutu na ai," in ji Kawu. "Sati ukku kaɗai. Kuma na wa'azi na, kan riƙon maraya. Kuɗɗin makaranta za shi samowa, hannuna yake."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Man yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Can ta ce, "Amana na ba ka."

Ban taɓa wuce dutsen Kwatarkwashi ba sai ranar. Tsafe, Funtuwa, Malumfashi, Gwarzo, ina leƙe ta taga har wuyana ya ƙage. Da la'asar muka hau wani bene a titin gidan Zu, ɗaki cike da fosta da mutane da hayaniya. Furodusan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ka ci abinci?" Na ce, "I, hura nis sha Huntuwa." Ɗakin ya fashe da dariya, wani har da faɗowa daga hannun kujera. Suka sa na maimaita sau uku. Ni ma ina ta dariya, na ɗauka na burge. Furodusa ya share hawaye ya ce, "An gama. Wannan ba sai an koya masa ƙauyanci ba." Ni da aka haifa a babban birnin jiha, garin da jirgin ƙasa ke ratsawa tun zamanin Turawa. A takardar labarin wani suna ne na 'yan birni aka ba yaron, nan take aka soke aka rubuta Nomau. A wurinmu sunan wanda aka haifa lokacin noma ne, dattawa masu mutunci na amsa shi. A ɗakin nan abin dariya ne.

Lokeshan, wato wurin ɗaukar fim ɗin, wani ƙauye ne a hanyar Wudil. Kyamara ɗaya ta haya, janareto, da wani falanki da aka manna wa takarda mai ƙyalli ana haska mana fuska da shi. Kwana huɗu na farko na ji daɗi ƙwarai. Shinkafa da wake kullum, ga manyan da nake gani a kwalin kaset suna kiran sunana, ko da ba nawa ba ne.

A rana ta biyar aka zo sin ɗin mutuwa. Nomau zai dawo daga gona ya tarar an lulluɓe uwarsa, ya faɗa kanta yana kuka. Aka shafa mini Rob a ƙarƙashin ido. Hawaye ya zo, amma da na shiga ɗakin sai na ga babban yatsan gawar yana motsi tana korar ƙuda, na fashe da dariya. Aka sake. Na sake dariya. Sau biyar. Rana ta fara yin ja, kuɗin hayar kyamara na kwana ne, darakta ya jefar da hularsa ƙasa. Sai kuma wurin ya yi tsit, na ga sun koma gefe suna ƙus-ƙus. Kawu ba ya nan, tun da safe ya shiga gari harkar kasuwarsa.

Ɗaya daga cikin mataimakan darakta ya zo ya tsuguna a gabana. Har yau ina jin nauyin hannunsa a kafaɗata ta dama. Ya sassauta murya ya ce, "Nomau, sai dai haƙuri. Yanzu wani direba ya iso daga Gusau. Innarka Allah ya yi mata rasuwa jiya da dare."

Agustan 2001 ne. A watan nan wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, tana hannun manyan masu kuɗi ƙalilan. Mu saƙonmu duk ta bakin direba yake zuwa, na alheri da na mutuwa. Kuma shekara biyu kacal da ta wuce, da irin wannan muryar, da irin wannan tsugunon, aka faɗa mini mutuwar Baba. Me zai sa in yi shakka?

Ban ji an ce "akshin" ba. Na dai ji an juya ni an tura ni wajen ƙofa. Na shiga na ga mutum kwance an lulluɓe shi da zane, hankalina ya gushe, na manta da wani fim. Na faɗa kanta ina jijjiga. A takarda "Umma" aka ce in kira. Abin da ya fito bakina shi ne, "Inna! Inna tashi! Hannun wa kib bar mu? Inna, Auta ko yaye ba ta daɗe da yi ba!" Na yi ta yi har numfashina ya sarƙe. Ina jin jikin da ke ƙarƙashin zanen yana rawa. Ashe matar kuka take yi ita ma.

Aka ce "kot." Aka yi tafi. Mutumin ya dawo da lemon kwalba da biskit yana dariya. "Kai, jarumi! Wasa nake yi maka, Innarka na nan garau." Gawar ta yaye zane ta miƙe, ta wanke shi da zagin da ban taɓa jin mace ta yi ba, sannan ta rungume ni.

Abin da mutane ba su sani ba, ba kukan ne ya fi ciwo ba. Sauran kwanakin ne. Mutum ɗaya ya faɗa mini magana biyu, wacce zan ɗauka? Na ce a raina, wataƙila ta mutu ɗin, sun ga za su rasa aikinsu ne suka ce wasa ne. Daren na kwana da zazzaɓi. Matar nan, Anti nake ce mata, ta shimfiɗa mini kusa da ita, ta rantse mini da Alƙur'ani cewa ƙarya aka yi mini. Amma ita ma ai a gabana ta mutu ta tashi. Kwana shida na yi a haka, ina cin abinci, ina faɗin abin da aka ce in faɗa, ina lissafin yadda zan ciyar da ƙannena.

Da Kawu ya dawo ya ji, ya tayar da jijiyar wuya, har ya ce in ɗauko ledata mu tafi. Furodusa ya ja shi bayan wata bishiya. Da suka dawo ya sauko. A mota muna komawa gida ya ce, "Kada ka hwaɗa ma Innarka. In taj ji ba ka koma zuwa, kuma ka san jininta na hawa."

Sallamata naira ɗari huɗu ce, 'yan ɗari bibbiyu guda biyu sababbi fil masu hoton Sardauna, ba su daɗe da fitowa ba. Abin da aka ba Kawu ban taɓa sani ba. Daga tasha da gudu na isa gida. Na same ta a bakin turmi. Na riƙe zaninta na ƙi saki. Ta ce, "Kai, lahiya? Sati ukkun na kaɗai ka yi wanga?"

Fim ya fito, ya kuma karɓu. A shagon Kawu na fahimci yadda kuɗin ke tafiya. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa. 'Yan kasuwa su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a kan kaset ɗinsu, su zura a ciki. Yawan kwalin da ya fita, yawan ribarsa. A kan kwalin nan kuwa, ƙasa da hoton jarumi da jaruma, fuskata ce, baki a wangame, majina da hawaye. Ta shiga Sakkwato, ta shiga Maraɗi, wani alhaji ya ce ya gan ta a Makka. Ɗari huɗun nan dai ita ce.

Inna ta kalla a gidan maƙwabta masu bidiyo, ɗaki cike da mata. Duk inda na buɗe baki a kwashe da dariya, su da harshen nasu ne, abin da har yau yake ɗaure mini kai. Da aka zo wurin mutuwar sai ɗaki ya koma sheshsheƙa. Ita ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Da dare, bayan ƙannena sun yi barci, ta rage fitila ta ce, "Zo nan."

Na zauna.

"Wanga kuka ba na wasa ba na. Na san kukanka na yunwa, na san na ƙiwuya. Wanga sau guda nij ji shi, ran da anka hita da babanka. Mi anka yi maka?"

Na ce, "Rob na anka sa mani, Inna."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta ce, "To. Allah na gani." Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Daga 2002 zuwa 2005 na yi fina-finan da ni kaina ban riƙe adadinsu ba, na san dai sun haura goma sha biyar. Na soyayya, na camama, wato na barkwanci, duk matsayin ɗaya ne: maraya, almajiri, yaron gida da aka kawo daga ƙauye. A yi dariyar bakina a farko, a yi kuka da ni a ƙarshe. Ba a sake yi mini ƙarya ba, don ba a bukata. Na riga na san inda kukan yake ajiye. In an ce a shirya, sai in tuno hannun nan a kafaɗata, shi ke nan. Daraktoci su ce, "Yaron nan baiwa gare shi."

Kada in yi butulci, na ji daɗin suna. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya shiga kasuwa a ba shi tsire kyauta, masu kabu-kabu su ƙi karɓar kuɗinsa, ai dole kansa ya yi girma. Hutu kaɗai aka yi alkawari, amma lokeshan bai san hutu ba. In ɓace sati uku ana tsakiyar zango, in dawo, maimakon bulala sai a kira ni ofis a nuna wa baƙi. Ana ta ciyar da ni gaba. Na kai aji uku na ƙaramar sakandare ban iya raba lamba uku da biyu ba, kuma ba wanda ya damu, har da ni.

Kuɗi kuwa hannun Kawu suke shiga. Don Allah zan faɗi gaskiyarsa: shi ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano, kuma ba a taɓa yin salla bai kawo shinkafa da atamfa ba. A shekarun nan ne kuma ya sayi sabon babur Jincheng ya ƙara aure. Nawa ne nawa, nawa ne nasa? Babu takarda ko ɗaya, babu wanda ya sa hannu a komai, ni da ake yi dominsa ba a taɓa faɗin farashina a gabana ba. A 2003 aka yi dokar kare haƙƙin yara ta tarayya. Sai da na girma na ji labarinta.

Abin da na fi jin kunyarsa a duk shekarun nan ba jahilcin lissafi ba ne. Na gaji da zama abin dariya in an kashe kyamara, sai na dage na koyi Kananci, na goge bakina tas. Aka wayi gari ina da harshe biyu: na gaban kyamara, wanda darakta kan ce in ƙara masa gishiri, da na fita kunya. Wata rana wasu 'yan fim suka biyo ta Gusau suka tsaya gaida Inna. Ta yi ta rawar jiki, ta ce a kawo wa baƙi hura. A gabansu na ce, "Inna, fura ake cewa." Suka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi ta ce, "To, Bakano." Na sayar da harshenta a kasuwa, sannan na dawo gida ina gyara mata shi.

Akwai mutanen kirki a harkar, da yawa ma. Anti ba ta daina aiko mini da kayan salla ba har ta yi aure ta bari. Akwai wani dattijo ɗan barkwanci da ba ya yarda a fara aiki sai ya ga na yi salla, in ya gan ni zaune ya miƙo mini tsohuwar jarida ya ce in karanta masa. Shi ya taɓa ce mini, "Ɗana, gidan nan haya kake, ba gado ka ci ba. Muryar nan taka ita ke biyan kuɗin hayar." Na ɗauka cikin barkwancinsa ne.

Ƙarshen 2005 mai gida ya zo karɓar ɗakinsa. Ana tsakiyar ɗauka na buɗe baki zan kira uwa, murya ta tsage kamar ta zakara sabon cara. Har mai riƙe da makirfo sai da ya zauna don dariya. Darakta ya ce, "Shi ke nan, Nomau ya balaga." Kafin wata uku an samo wani yaro. Na yi girma da maraya, ban kai saurayi ba, kuma ko na kai, wa zai yarda Nomau ya tsaya a bakin ruwan Tiga yana yi wa budurwa mamin, wato bin waƙa da baki? Na ƙi komawa gida. Na zauna Kano ina ɗaukar ƙafar kyamara, ina sayo wa jarumai abinci, ina kwana a kan bencin ofis. Waɗanda da suke ɗaga ni sama su yi hoto da ni, yanzu su miƙo mini makullin mota in wanke. A 2007, bayan badaƙalar da ta girgiza harkar, hukumar tacewa ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta dakatar da ɗaukar fim na kusan wata shida. Aka garƙame ofishinmu. Na dawo Gusau da jaka ɗaya, ina da shekara goma sha shida, sa'o'ina suna shirin jarrabawar fita.

Shekara biyun da suka biyo ba na son dogon zance a kansu. Na ɓuya a ɗaki, don duk inda na bi sai na ji "Nomau an dawo?" Na taɓa maganin tari, na taɓa abin da ya fi shi. Inna ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba. Da ta ɗauki adashe sai ta kira ni ta zube kuɗin a gabana ta ce in nemi abin yi. Na kafa teburin cajin waya. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta na fara tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori.

Nan ma akwai abin faɗi. Mu masu turawa mu ne muka ƙarasa kashe kasuwar faifai, furodusoshi suna ta kuka da mu a rediyo. Ni kuwa duk fim ɗin da na tura a naira ashirin sai in ji wani sanyi a raina, kamar ina karɓar bashi. Daga baya na gane shirme ne. Waɗanda nake cuta yawancinsu ba su ma shigo harkar ba lokacin da aka yi mini abin da aka yi.

Da kuɗin teburin na shiga darasin yamma, ina zama aji ɗaya da ƙannen bayana. Sau biyu na zauna NECO kafin ta haɗu. Na samu Kwalejin Ilimi ta Maru, na karanta Hausa. A can, a darasin karin harshe, malami ya tsaya gaban allo ya ce Hausar yamma, tamu ta Sakkwato da Zamfara da Kabi, ta fi ta Kano riƙe tsofaffin siffofin harshen, kuma da ita Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i. Ya rubuta "munka" da "anka" a allo, da alli, kamar abin daraja. Ƙarshen satin na koma gida na zauna kusa da turmi ina ta jan Inna da hira don kawai in ji bakinta. Ta ce, "Yau kuma Bakano mi ya samu?"

Na fara koyarwa a firamare, shagon kuma na sa yaro. Neman aurena na farko ya watse ranar da kawun yarinyar ya gano ni ne na cikin kaset, ya ce ba su ba ɗan fim. Na biyu Allah ya yi, a 2017. Ni ke shirya wa yara wasan ranar 27 ga Mayu a makarantarmu. Bara wani mai shirin YouTube ya zo yana son in ba shi wata ɗalibata mai kaifin baki. Na ce a rubuta abin da za a biya ta, a yi a hutu, kuma uwarta ko wanta ya zauna a wurin daga farko har ƙarshe. Ya ce baƙin ciki nake yi don tawa ta ƙare. Ya je ya samo wata a wata makarantar.

Ban san wanda ya ɗora tsohon fim ɗin a intanet ba. Na dai wayi gari an yanko fuskar nan an mayar da ita sitika a WhatsApp. In an ci ƙungiyar mutum a ƙwallo a tura masa Nomau, in man fetur ya tashi a tura Nomau. Har ni an sha turo wa, wasu da sani, wasu ba su san ni ba ne. Wani lokacin nakan yi dariya, don gaskiya fuskar abin dariya ce in ba ka san abin da aka faɗa wa mai ita minti biyu kafin nan ba.

A farkon Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, ga kasuwannin mako a rufe, sannan aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Muka koma zamanin saƙon baki. Shagona kuwa ya cika maƙil, tunda ba intanet kowa sai ya zo a tura masa abin kallo. Inna tana Ƙauran Namoda wurin Auta da ta haihu.

Da hantsi wani direba ya shigo yana tambayar malam mai tura fim. Ya ja ni gefe. Ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Innarku ta cika da asuba."

Na tsaya ina duban bakinsa, ina neman inda dariyar za ta ɓullo. Na ce ya rantse, ya rantse. Na ce wa ya aiko shi, ya faɗa. Na koma na zauna gaban kwamfuta, akwai wayar wani a jone, saura fim biyu. Sai da na jira suka gama shiga, na cire, na ba shi canjinsa. Ina da shekara talatin, da aure da 'ya, amma wani abu a cikina yana ce mini in na yi haƙuri kaɗan za a kawo lemo da biskit. Ban ce jinkirina ne kaɗai ba, shingayen hanya ma sun ci lokaci. Na isa na tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Kwana uku na zauna karɓar gaisuwa, ko ɗigo bai zo ba. Na neme shi inda na saba samunsa, na tuno hannun nan, babu komai a wurin. Ina ji wata daga bayan zana tana cewa, "Shi da ka kukan uwayen wasu cikin fim."

Daren uku, bayan mutane sun watse, Kawu ya matso kusa da ni. Ya tsufa, shagon kaset ya daɗe da zama tarihi, ido ɗaya ya mutu. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, ai ya wuce, ita dai ban taɓa faɗa mata ba kamar yadda ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ta sani."

Wai washegarin ranar da ta kalli fim ɗin ta same shi a shago, ita da ba ta shiga kasuwa. Ta tsare shi har ya faɗa mata komai. Ta yi kuka a nan cikin kwalaye. Ta ce ba zan ƙara zuwa ba. Bayan wata biyu damina ta rusa bangon ɗakinmu, ga kuɗin makarantar mutum uku, aka sake aikowa daga Kano. Ita da kanta ta aika a kira shi. Sharaɗi biyu ta kafa masa: kada ya ƙara matsawa ko nan da can in ina gaban kyamara, kuma kada in taɓa sanin ta sani, don ba za ta iya haɗa ido da ni ba.

Sai a lokacin na tuna. Duk fina-finan da na yi bayan na farko, duk inda na waiga Kawu na nan tsaye a bayan mai kyamara, cikin rana, da hularsa a hannu. Ni kuwa ina jin haushinsa, na ɗauka kuɗinsa yake gadi.

Shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya ni da ita, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Har yau ban san inda zan ajiye wannan ba. Wata rana in ji kamar in yi fushi da ita, sai in tuno bangon nan da ya faɗi, da mu huɗu a ɗakin maƙwabta.

Ɗiyata ba ta haƙura ba. Uwarta ta riga ta tsegunta mata cewa Baba ya taɓa fitowa a talabijin yana ƙarami, yanzu kullum sai ta ce a nuna mata. Fim ɗin yana cikin kwamfutar shago, na tura wa mutane shi ya fi a ƙirga, ni ban taɓa buɗe shi da sauti ba. Na ce mata sai ranar Asabar.